Zanen 3D: Yadda ake koyonsa a gida, da yadda manhajar Blender ta zama mallakin kowa

A ranar 2 ga Maris, 2025, a birnin Los Angeles na Amurka, wani fim daga ƙasar Latbiya mai suna Flow ya lashe kyautar Oscar a rukunin finafinan zane masu motsi. Babu kalma ko ɗaya da aka furta a cikinsa. Labarin wata kyanwa ce da ambaliyar ruwa ta raba da muhallinta. Fim ɗin ya doke na manyan kamfanoni irin su Pixar da DreamWorks, alhali kuɗin da aka kashe masa kimanin Yuro miliyan 3.5 ne kacal, kuma shi ne Oscar na farko a tarihin Latbiya. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu sana'ar shi ne manhajar da darakta Gints Zilbalodis da abokan aikinsa suka yi amfani da ita, wato Blender, wadda duk mai kwamfuta zai iya saukewa ba tare da biyan ko sisi ba.

Shekaru talatin da suka wuce, zanen 3D sana'a ce ta manyan kamfanoni da jami'o'i masu hannu da shuni. A yau ɗalibi na iya fara koyonsa a ɗakinsa bayan ya dawo daga makaranta. Abu biyu ne suka kawo wannan sauyi: kayan aikin da jama'a suka haɗa kuɗi suka fanso, da kuma al'adar da ta kafu tsakanin masu zanen ta nuna wa juna aiki tun bai kammala ba domin a yi gyara.

Mene ne zanen 3D?

Zanen da aka yi a takarda yana da tsawo da faɗi kawai. Idan mai zane ya zana gida daga gaba, kuma aka buƙaci ganin bayansa, tilas ya sake sabon zane. A zanen 3D ana ƙara ma'auni na uku, wato zurfi ko kauri. Ana gina gidan sau ɗaya a cikin kwamfuta, sannan a juya shi ta kowace fuska, a shiga cikinsa, a haska shi da hasken safe ko na magariba, a ɗauki hotonsa daga inda ake so.

Kwamfuta ba ta san gida ko mutum ba, lissafi kawai ta sani. Kowace siffa tarin ɗigo-ɗigo ce, kowane ɗigo yana da lambobi uku da ke nuna matsayinsa a sarari. Idan aka haɗa ɗigo biyu sai a sami layi, idan layuka uku ko huɗu suka rufe sai a sami fuska. Fuskokin da aka jera suka haɗu su ne ake kira raga, domin sun yi kama da ragar masunci da aka lulluɓa wa wani abu. Akwati yana da ɗigo 8, layi 12 da fuska 6. Fuskar mutum a fim kuwa tana iya ɗaukar fuskoki dubbai masu yawa. Da wannan dabara ake yin wasannin kwamfuta, da tallace-tallace, da hotunan gidajen da ba a riga an gina ba, da siffofin gaɓoɓin jiki da ake koyar da ɗaliban likitanci da su.

Daga ɗakin bincike zuwa gidajen jama'a

Tushen fasahar yana jami'o'in Amurka. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da manhajar Sketchpad a cibiyar MIT, inda mutum ya iya zane kai tsaye a allon kwamfuta. Daga baya ya koma Jami'ar Utah, wadda ta zama matattarar masu wannan bincike. A can ne Edwin Catmull da Fred Parke suka yi gajeren fim a 1972, wanda ya nuna siffar hannun Catmull na hagu yana buɗewa yana rufewa. A can ne kuma Martin Newell ya auna butar shayin gidansa a 1975 ya shigar da ita kwamfuta, butar da har yau ake gwajin manhajoji da ita. A 1978 Catmull da Jim Clark suka fitar da lissafin da ke mayar da siffa mai kaifin gefe ta zama sumul, kuma da shi manhajojin yau suke aiki. Catmull ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Pixar, kamfanin da ya fitar da Toy Story a 1995, dogon fim na farko da aka yi shi gaba ɗaya da kwamfuta.

Duk tsawon wannan zamani, na'urorin da manhajojin suna da tsadar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Mai sha'awa da ba ya aiki a kamfani ko jami'a sai dai ya yi kallo.

Yadda jama'a suka fanshi Blender

Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan, ya fara rubuta Blender a farkon 1994 domin amfanin kamfaninsu na zane mai suna NeoGeo. A 1998 ya kafa wani kamfani, Not a Number, domin bunƙasa manhajar da tallata ta. Masu zuba jari sun sa kuɗi, amma cinikin bai kai yadda suka yi tsammani ba, kuma a farkon 2002 kamfanin ya durƙushe. Haƙƙin mallakar manhajar ya maƙale a hannun masu jarin, aikin bunƙasa ta ya tsaya.

Roosendaal ya kafa Gidauniyar Blender a wannan shekarar, ya kuma cimma yarjejeniya da masu jarin: idan aka biya su Yuro 100,000, za su saki rubutun tushen manhajar ga duniya. A watan Yuli aka buɗe asusun neman gudunmawa. Masu amfani da manhajar daga ƙasashe daban-daban, da yawansu 'yan sha'awa ne kawai, suka tara kuɗin cikin mako bakwai. Ranar 13 ga Oktoba, 2002, aka saki Blender a ƙarƙashin lasisin GNU GPL. Wannan ya faru shekaru kafin tara kuɗi ta intanet ya zama ruwan dare.

Lasisin GPL ya ba kowa damar amfani da manhajar don kowace irin buƙata, har da kasuwanci, da kwafe ta, da raba ta, da yi mata kwaskwarima. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya sauya ta ya raba wa jama'a, dole ya saki rubutun abin da ya sauya a ƙarƙashin lasisin. Ke nan babu kamfanin da zai saye ta ya kulle. Hoto ko fim ɗin da mutum ya yi da ita kuwa nasa ne shi kaɗai, gidauniyar ba ta da kaso a ciki.

Domin gwada manhajar a aiki na gaske, gidauniyar ta riƙa tara masu zane a Amsterdam suna yin gajerun finafinai: Elephants Dream a 2006, Big Buck Bunny a 2008, Sintel a 2010, da wasu bayansu. Duk matsalar da masu zanen suka ci karo da ita, masu rubuta manhajar na kusa su magance ta. An kuma saki fayilolin finafinan domin mai koyo ya buɗe ya ga yadda aka haɗa su. Duk da haka, an daɗe ana kukan cewa Blender na da wuyar sha'ani. Sai a Yulin 2019, da fitowar sigar 2.80 mai sabon fasali, ƙofa ta buɗe sosai. A watan ne kamfanin Epic Games ya ba gidauniyar tallafin dala miliyan 1.2, sannan kamfanoni irin su Ubisoft, Nvidia, AMD da Apple suka shiga sahun masu ba da gudunmawa.

Me ya sa mallakar kayan aiki ke da muhimmanci?

Manhajojin da manyan kamfanonin fim suka saba da su, kamar Maya da 3ds Max na Autodesk, ko Cinema 4D da ZBrush na Maxon, na kuɗi ne. A da mutum kan saya sau ɗaya ya mallaka. Adobe ya koma tsarin haya a 2013, Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016. Cikakken lasisin Maya yana kaiwa kimanin dala 2,000 a shekara, ko da yake akwai rangwame ga ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi. A Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a wata tun 2024, wannan kuɗi ya ninka abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a shekara fiye da sau biyu. Shi ya sa manhajojin sata suka yawaita, tare da haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ake cusawa a cikinsu.

Matsalar haya ta wuce ta kuɗi. A Oktoban 2019, Adobe ya sanar da masu hulɗa da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar. Kamfanin ya janye matakin kafin ƙarshen watan bayan ya samu izini daga hukumomin Amurka, amma darasin ya fito fili: wanda ke hayar kayan aikinsa, rikicin siyasar da ba shi da hannu a ciki na iya raba shi da sana'arsa a dare ɗaya. Blender ba ta buƙatar rajista, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, kuma mutum ɗaya zai iya sauke ta ya raba wa abokansa a filashi ba tare da ya karya wata doka ba.

Matakan aikin

Duk wanda ya buɗe Blender a karon farko, abu uku zai tarar: akwati, fitila da kyamara. Daga nan aikin kan bi matakai da kusan kowace manhaja ta yi tarayya a kansu.

Na farko shi ne gina siffa. Ana ɗaukar siffa mai sauƙi, a ja wata fuska ta fito, a yanka layi, a matse wani gefe, har akwati ya zama kujera ko mota. Madannai kaɗan ne ke ɗauke da rabin aikin: G don matsar da abu, R don juya shi, S don ƙara ko rage girmansa, E don jawo sabuwar fuska, Tab don shiga cikin ragar. Akwai kuma hanyar sassaƙa, inda ake mulmula siffa kamar yadda mai ginin tukwane ke sarrafa yumɓu. Ita ta fi dacewa da fuskoki, duwatsu da naɗe-naɗen tufafi. Ƙwararru sun fi son raga mai fuskoki masu kusurwa huɗu, domin ita ke lanƙwasa da kyau idan aka zo motsa siffar.

Na biyu shi ne sutura. Siffar da aka gama tsirara take, launinta toka-toka. Kafin a ɗora mata hoton katako ko na yadi, sai an feɗe ta: a tsaga ragar a wuraren da ba za a lura ba, a shimfiɗa ta kamar yadda ake shanya fata, domin hoto mai faɗi ya zauna a kanta ba tare da ya miƙe ko ya tattare ba. Sannan a faɗa wa kwamfuta halin abin: ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, sumul yake ko yana da kaushi, haske na ratsa shi ko ba ya ratsawa. Bambancin tasar silba da tukunyar ƙasa a idon mai kallo yana cikin waɗannan lambobi.

Na uku shi ne haske da kyamara. A nan ilimin mai ɗaukar hoto ke aiki: babbar fitila daga gefe guda, ƙarama da za ta sassauta inuwa, da wata daga baya da za ta raba siffar da bango. Siffa mai kyau a ƙarƙashin haske mara kyau ba ta burge kowa, siffa mai sauƙi kuwa haske na iya ɗaga darajarta.

Na huɗu, ga mai son motsi, shi ne sa ƙashi. Ana dasa ƙwarangwal a cikin siffar, a nuna wa kowane ƙashi ɓangaren ragar da zai ja. Mai zane ya tsayar da siffar a wani yanayi a daƙiƙa ta farko, ya tsayar da ita a wani yanayin a ta biyu, kwamfuta ta cike tsakani.

Na ƙarshe shi ne renda, wanda ya yi kama da wanke hoto. Blender na da injin renda biyu da aka fi amfani da su. Cycles, wanda ya zo a 2011, yana bin sawun haske ne: yana harba dubban zaruruwan haske daga kyamara, ya bi su yayin da suke karo da abubuwa suna komawa, ya tara sakamakon. Hotonsa ya fi kama da gaske, amma yana cin lokaci, kuma idan zaruruwan sun yi kaɗan hoton kan fito da yashi-yashi. Eevee, wanda ya zo da sigar 2.80, yana amfani da dabarun wasannin kwamfuta, yana ba da hoto kusan nan take. Da shi aka wanke Flow.

Lissafin lokaci yana da muhimmanci. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hoto 1,440 a minti ɗaya. Idan kowane hoto na cin minti biyar, fim ɗin minti ɗaya zai buƙaci awa 120, kwana biyar cur kwamfuta na kunne. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan lissafi ne ke nuna hikimar farawa da hoto tsayayye, da amfani da Eevee, da kuma wanke fim hoto-hoto maimakon fayil ɗin bidiyo guda, ta yadda idan aka ɗauke wuta za a ci gaba daga inda aka tsaya.

Abin da mai farawa ke buƙata

Sabbin sigogin Blender na neman kwamfuta mai ram aƙalla gigabait 8 da katin hoto mai gigabait 2. Wanda kwamfutarsa ta tsufa zai iya sauke tsohuwar siga, domin gidauniyar na ajiye su duka. Girman fayil ɗin manhajar da ake saukewa bai kai rabin gigabait ba, kuma tana aiki a Windows, macOS da Linux. Linzamin kwamfuta mai maɓalli uku ya fi komai muhimmanci, domin da maɓallin tsakiya ake juya kallo. Allon zane mai alƙalami yana taimakawa wajen sassaƙa, amma ba dole ba ne a farko.

Yawancin darussan da Turanci suke. Masu sa kai ne ke fassara manhajar zuwa wasu harsuna, kuma fassarar Faransanci ta yi nisa, abin da zai amfani masu koyo a Nijar da Kamaru. Hausa na cikin harsunan da aka buɗe wa gurbin fassara, sai dai aikin yana matakin farko, yana jiran masu ɗauka.

Hanyar koyo da tarkon kwaikwayo

Darasin da ya fi shahara a duniyar Blender na Andrew Price ne, ɗan Ostireliya da aka fi sani da Blender Guru. Tun 2016 yake koyar da masu farawa yadda za su gina donot, wani nau'in fanke mai huda a tsakiya, kuma yakan sabunta darasin idan manhajar ta sauya. Hikimar zaɓen ita ce abu ɗaya ƙarami yana ratsa mai koyo ta dukkan matakai, daga gina siffa har zuwa renda.

Amma akwai tarko. Mai koyo na iya bin darasi ashirin, ya danna duk abin da malami ya danna, ya sami hotuna masu kyau, sannan ya buɗe manhajar shi kaɗai ya rasa ta inda zai fara. Maganin da masu sana'ar suka saba bayarwa shi ne bayan kowane darasi mutum ya gina wani abu makamancinsa da babu darasinsa. Abin da ke gabansa ya fi dacewa, domin zai iya auna shi, ya juya shi, ya ga yadda haske ke sauka a kansa: buta, turmi, fitilar ƙwai, ƙofar gida. Wanda ya ɗauki zanen zayyanar bangon gidan gargajiya ko zankon soro zai koyi gina siffa da sutura a lokaci guda, kuma aikinsa ba zai yi kama da na dubban masu koyo da suka bi darasi ɗaya ba. Wanda kuma ke kaffa-kaffa da zana mai rai yana da fili mai faɗi a gine-gine, kayan masarufi, injuna da taswirar ƙasa, waɗanda su ma sana'o'i ne masu zaman kansu.

Ƙaramin aikin da aka kammala ya fi babban da aka watsar. Minti talatin a kullum ya fi awa goma sau ɗaya a wata, domin hannu ne ke haddace madannan, kuma yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Idon wasu: gyara da yadda ake neman sa

Wanda ya yi kwana uku yana kallon siffa ɗaya, idonsa kan saba da kurakuranta har ya daina ganinsu. Wannan ba matsalar masu koyo ba ce kawai. A kamfanonin fim, masu zane kan taru kusan kullum su nuna aikin da bai kammala ba. Catmull, a littafinsa Creativity, Inc. na 2014, ya bayyana wani zaure na manyan daraktocin Pixar da ke duba kowane fim yayin da ake yin sa. Ƙa'idarsa ita ce mahalarta su faɗi matsala ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma ba su da ikon tilasta wa darakta mafita. Mai koyo a gida ba shi da irin wannan zaure, don haka sauran masu zane a intanet, ko abokai biyu-uku da ke koyo tare, su ne ke cike gurbin.

Kurakuran da sabon ido ke saurin kamawa sanannu ne. Akwai rashin daidaiton girma, kamar ƙofar da ta yi wa ɗaki girma ko kofin da ya kai tukunya. Blender na auna abubuwa da mita, kuma akwatin farko faɗinsa mita biyu ne, abin da masu farawa da yawa ba sa lura da shi. Akwai gefuna masu kaifi fiye da kima, alhali a zahiri kowane gefe yana da ɗan lanƙwasa da ke kama haske. Akwai tsabtar da ta wuce misali, babu ƙura, babu karce, babu sawun hannu. Akwai kuma aikin da aka yi da ka, ba tare da duba hoton ainihin abin ba.

Neman gyara yana da ladubbansa. Wanda ya ɗora hoto ya tambayi ra'ayin jama'a kawai, yabo ko shiru zai samu. Wanda ya faɗi abin da yake son cimmawa, ya nuna hoton da yake kwaikwaya, ya nuna siffar tsirara tare da ragarta, sannan ya yi tambaya takamaimai, misali me ya sa katakon ya yi kama da roba, shi ne ke samun amsa mai amfani. Kuma gara a nuna aiki da wuri. Kuskuren girma da aka gano a rana ta farko minti biyar zai ci, amma idan an riga an feɗe siffar an yi mata sutura, gyaransa na iya rushe aikin mako guda.

Karɓar gyara ma sai an koya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ce hasken ya yi fari fat, aikin yake magana a kai, ba mutuncin mai aikin ba. Masu gogewa kan ce idan mutum uku suka nuna wuri ɗaya, to lallai akwai matsala a wurin, ko da mafitar da suka kawo ba daidai ba ce. Haka kuma ba kowace magana ce gyara ba. Zagi ba ya ɗauke da bayani, yabon 'yan uwa ma haka, kuma yawan masu danna alamar so yana auna abin da ke jan ido cikin daƙiƙa biyu ne, ba ci gaban mai zane ba. Abin da ke kashe gwiwar masu koyo da yawa shi ne kwatanta aikinsu na wata uku da zaɓaɓɓun ayyukan waɗanda suka shekara goma a sana'ar. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne aikin mutum na watan jiya.

Yin gyara ga wasu shi ma makaranta ce. Wanda ya tilasta wa kansa bayyana dalilin da ya sa hoton wani bai zauna ba, zai fara ganin irin wannan kuskure a nasa.

Zanen 3D a aikin jarida da bin kadin haƙƙi

Fasahar ta wuce nishaɗi. A 2010 masanin gine-gine Eyal Weizman ya kafa cibiyar Forensic Architecture a kwalejin Goldsmiths ta Jami'ar Landan. Cibiyar na tattara bidiyon wayoyin jama'a, hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan shaidu, ta ɗora su a kan siffar 3D ta wurin da abu ya faru, domin gano wa ya tsaya ina, da ƙarfe nawa, kuma daga ina harbi ya fito. Blender na cikin manhajojin da take amfani da su.

A 2016, tare da Amnesty International, cibiyar ta sake gina kurkukun Saydnaya na Siriya, wanda 'yan jarida ba su da damar shiga. Tsofaffin fursunoni ne suka zauna da masu zane suna gyara siffar, kuma da yake an tsare su cikin duhu, da yawan bayanan daga sautin da suka ji suka fito. Bayan fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a ranar 4 ga Agusta, 2020, cibiyar ta yi aiki da jaridar Mada Masr ta Masar, ta sake gina rumbun da aka ajiye kimanin tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret, ta nuna yadda aka jibge shi kusa da tayoyi da kayan wasan wuta, saɓanin ƙa'idojin ajiya.

Wuƙar tana da kaifi biyu. An sha yanko bidiyo daga wasan yaƙi na Arma 3 a yaɗa shi a matsayin hoton fagen daga na gaske, har kamfanin Bohemia Interactive da ya yi wasan ya fitar da sanarwa a 2022 yana bayyana yadda za a gane na bogi. Siffar 3D ba hujja ba ce a karan kanta. Ƙarfinta yana ga bayanan da aka gina ta a kansu, da kuma ko an bayyana su domin wasu su bincika. Wanda ya taɓa gina siffa da hannunsa ya fi saurin gane hayaƙin da bai yi kama da hayaƙi ba da kyamarar da ke girgiza da gangan domin ɓoye aibi.

Haƙƙin mallaka da batun kuɗi

Ba duk abin da ke intanet ba ne halal ga mai zane. Shafin Poly Haven na ba da hotunan sutura da na haske a ƙarƙashin lasisin CC0, wanda ba shi da wani sharaɗi. Wasu lasisin na buƙatar a ambaci mai aikin, wasu sun hana kasuwanci. Al'adar masu sana'ar ita ce mutum ya bayyana abin da ya gina da kansa da abin da ya aro, kuma gabatar da sakamakon darasi a matsayin ƙirƙirar kai abin kunya ne a cikinsu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke samar da hoto daga rubutu sun jawo muhawara mai zafi. A Disambar 2022 masu zane suka cika shafin ArtStation da alamar ƙin amincewa, suna ƙorafin cewa ana horar da waɗannan manhajoji da ayyukansu ba tare da izini ko biya ba. Har yanzu ana fafatawa a kotuna kan batun. Abin da siffar 3D ke bayarwa shi ne iko a kan kowane sashe: ana iya auna ta, a sauya kusurwa, a motsa ta, a shigar da ita wasa ko a buga ta da injin ɗab'in 3D.

Wasu masu sha'awa kan kai ga samun kuɗi, ta hanyar zana gidaje ga magina, tallan kaya ko sayar da siffofi. Amma hanyar na da tsawo, gasar ta duniya ce, kuma duk mai tallan kwas da ke alƙawarin dala cikin wata guda ya cancanci a yi masa kallon tsanaki. Zilbalodis, wanda aka haifa a 1994, shekarar da aka fara rubuta Blender, ya fara da gajerun finafinai tun yana matashi, ya yi dogon fim ɗinsa na farko, Away, shi kaɗai a 2019, sannan ya shafe kimanin shekara biyar a kan Flow. Manhajar da ya yi aikin da ita tana nan a buɗe ga kowa, kuma akwatin da ke jiran mai farawa a allon farko shi ne dai wanda ya tarar.